Taku Ashirin a Cikin Harami

Ana sallame asuba a masallacin unguwa muka tashi daga Utaibiyya, mu uku cikin wata tsohuwar wanet, irin motar nan mai buɗaɗɗen baya. Ku da kuka ishe ni da tambaya a bakin shago, wai ina talotalon da na tafi kamowa, to ga labarin nan na rubuta muku sau ɗaya, kada wanda ya ƙara tare ni da shi. Har yanzu raina a ɓace yake. In kun ji na yi zafi a wani wuri ku yi haƙuri, ba da ku nake ba.

Saboda Baba na yi tafiyar nan. Waɗanda suka san shi kafin ya kwanta sun san maharbi ne a ƙasar Katsina, kafin ya ɗauko mu a ƙasa ya ratso da mu Chadi da Sudan har Allah ya kawo mu Makka. A gonakin Sudan ya koya mini kiran fakara, wadda wasunku ke ce wa makwarwa: ka dunƙule hannu biyu a baki ka yi kukan namijin, sai wani namijin ya ɗauka abokin gāba ne ya shigo masa fili, ya taho faɗa da ƙafarsa har cikin tarko. Shekara uku ke nan idon Baba ya tafi, tun azumin bana kuma ƙafa ta daina ɗaukarsa. Mutum ne da ba ya roƙon komai. Amma bayan alhazai sun watse, wata safiya ina ba shi koko, sai ya ce shekara talatin rabonsa da jin kukan fakara, kullum sai gunjin tattabarun Harami, da zai ji sau ɗaya tak da ya gode Allah. Ba namanta yake so ba, ina haƙoran? Kukan yake so. Ke nan sai na kawo namiji da ransa, ya kwana a tsakar gida, ya yi masa kuka da sassafe.

Direbanmu shi ya kawo zancen talotalo. Haifaffen unguwar Jarwal ne a nan Makka, Hausarsa rabi Larabci ce, kuma in ya fara ba da labari sai ka riƙe hularka. Ya rantse mini a duwatsun Hada, kan hanyar Ɗa'ifa, akwai talotalon daji, ya ware hannuwa kamar zai rungumi buhun shinkafa. Ban yarda da girman ba, amma na tambayi masu kawo kayan lambu daga can, suka ce lallai akwai tsuntsu, kuma yanzu ne lokacinsa, lokacin da ake tsinkar furen wardi. 'Yan makonni ne kawai mazan ke da zafin kai suna amsa kira. Da zarar matan sun kwanta kan ƙwai, shi ke nan, ko ka busa har jijiyar wuyanka ta fito babu mai kula ka.

Na ukunmu mijin ƙanwata ne, kuma babu wanda ya gayyace shi. Shekara biyu ke nan da ya fara zama gaban wani malami a Harami, tun daga nan ko ruwa ba ka sha a gabansa cikin kwanciyar hankali. Ƙanwata ce ta roƙe ni, wai in tafi da shi ya sha iska, karatu ya rame da shi. Na ce to. Wannan "to" ɗin ita ce wautar farko da na yi.

Mun ratsa Mina rana ba ta fito ba. Wanda bai ga Mina bayan Hajji ba bai san kaɗaici ba: babu kowa sai turakun tantuna, da takalma warin ƙafa ɗaiɗai, da wari da ya ƙi tafiya. Muka wuce Muzdalifa, muka wuce fararen ginshiƙan nan biyu da ke nuna iyakar Harami, muka bar Arafa a gefe, fayau kamar ba a taɓa tsayuwa a cikinta ba. A gindin dutse muka tsaya wata gahawa, wato rumfar mai shayi, muka karya da dafaffen waken ful da gurasar tamis mai zafi. Wake dai wake ne, amma tunda aka buɗe sabuwar hanyar Kara da ke hawa zuwa Hada, mai gahawar ya gano cewa wakensa na zinariya ne. Abin da nake ci da girshi kaɗan a unguwa, nan sai da riyal ya fita, shayin kuma kamar an wanke buta. Na yi magana, ya nuna mini dutsen ya ce in na sami wata gahawar a sama in gaishe su.

Hanyar Kara kuwa, kai! Duk wanda ya sare ta ya yi aiki. Tana nannaɗe dutsen tana hawa, ka leƙa ta taga ka hango inda ka baro can ƙasa kamar zare. Sau uku motar ta tafasa muka tsaya ba ta ruwa. A tsayawa ta biyu birai suka sauko, wani ƙato mai furfura ya ɗauke mana ragowar tamis daga bayan mota, ya zauna kan dutse yana ci yana kallonmu kamar mu ne baƙin da suka zo ba sallama. Surukina ya fara yi mana bayanin hukuncin abin da biri ya taɓa. Allah ya taimake mu, a kwana ta gaba cikinsa ya juya, ya yi ta amai har muka kai sama. Wannan ne kaɗai lokacin da na ji daɗin tafiya da shi.

Sama wata duniya ce. Mun baro Makka muna gumi, nan kuwa sai da na naɗe gwado. Hazo na ratsa itatuwa, gonakin wardi hawa-hawa a jikin dutse, mutane na tsinka suna zubawa a kwanduna, ƙamshi har cikin maƙogwaro. Muka sami wani tsoho makiyayi, ɗan asalin wurin, direba ya tambaye shi inda talotalon daji suke. Tsohon ya yi dariya har sai da ya dafa sandarsa. Ya ce shi dai tun da aka haife shi bai ga talotalo a dutsen nan ba sai in a tukunyar wani attajiri, abin da suke da shi sunansa hajal. Ya kai mu bakin wani kwazazzabo ya nuna da haɓa. Ga su nan kuwa, guda biyar suna kiwo: fakara ce sak, sai dai ta fi tamu girma, baƙin kai, farin maƙoshi, jan baki da jar ƙafa. Na juya na kalli direba. Ya ce ai wallahi waɗanda shi ya gani sun fi waɗannan, waɗannan 'ya'yan ne. Ni dai a raina murna nake, fakara na zo nema ba talotalo ba.

Bayan la'asar na shimfiɗa tarkunan gashin doki a hanyar da suke bi zuwa ruwa, na ɓuya bayan wani dutse, na dunƙule hannu na yi kira. Irin na gida na yi, yadda Baba ya koya mini, kuma ba yabon kai ba, ya fita tsaf. Shiru. Na sake. Wani namiji ya ɗaga kai ya dubi wajena, ya ci gaba da tonon ƙasa. Na yi ta yi har leɓena ya bushe, ko gezau. Direba yana kwance a bayana yana ƙyaƙyata dariya a cikin gwado, wai in yi haƙuri, waɗannan muwalladai ne, haihuwar nan ƙasar, kamar 'ya'yansa, ka yi musu Hausa su amsa maka da ido. Kamar in maƙure shi, amma gaskiya ya faɗa. Na rufe bakina na kasa kunne. Gab da magariba wani namiji ya hau kan dutse ya yi nasa kukan: yana farawa a hankali, ɗaya-ɗaya, kamar ana ƙwanƙwasa ƙofa, sannan ya yi ta sauri yana ɗaga murya har ya sarƙe. Ba ya kartar maƙogwaro irin tamu. Na yi ta bin sa a ƙasa-ƙasa har na ji ya zauna mini a harshe. Muka kwana a wata gahawa kan gadajen igiya, sanyi ya ci ƙashinmu.

Da asuba na koma. Na ce wa mutanena biyu su zauna can nesa, kada wanda ya yi ko tari. Na yi kira, wannan karon da yarensu. Kafin in sauke hannu aka amsa daga tsallaken kwazazzabo. Wallahi tsigar jikina ta tashi. Na jira, na sake, ya amsa, ya matso. Haka muka yi ta musayar baƙar magana ni da shi, ina jin sa yana saukowa dutse bayan dutse, har na hango jan bakinsa. Saura ƙiris ya taka tarko, sai surukina ya ɗaga murya da azkar ɗin safiya. Ba a zuci ba, a'a, da ƙarfi, da jan madda. Tsuntsu ya yi fir ya tafi. Na tashi na ce, "Malam, don girman Allah, duk faɗin dutsen nan ba ka sami inda za ka yi wuridi ba sai a kan tarkona?" Ya ce lokacinsa ne ke fita. Na sa direba ya ja shi zuwa mota.

Sai da rana ta ɗaga sosai, har na fara fid da rai, wani namijin ya amsa daga bayana. Wannan bai tsaya dogon zance ba. Sau uku kawai na kira, sai ga shi ya fito fili ƙirji a bunƙare, fikafikai a sake, yana neman wanda ya raina shi. Ƙafar hagu ta shiga tarko. Na yi tsalle na rufe shi da gwado kafin ya ji wa kansa ciwo. Na riƙe shi da hannu biyu ina jin zuciyarsa na bugawa a tafina, ni ma tawa haka. Ƙato ne, lafiyayye, ko gashi ɗaya bai tuge ba. Na sa shi a ɗan akurkin da na zo da shi, na zuba masa tsaba, na lulluɓe da zane. Har tsohon makiyayin sai da ya zo ya leƙa, ya ce bai taɓa ganin baƙo ya kira hajal ya zo ba. Na sayi ƙaramar kwalbar ruwan wardi da zuma kaɗan saboda Baba, muka kamo gangara.

A nan na yi wauta ta biyu. Surukina ya ce shi a baya zai zauna, iska za ta hana shi amai, kuma zai riƙe mini akurkin kada ya yi ta gwaruwa. Na yi masa godiya. Ku ji fa, godiya na yi masa!

Mun sauko lafiya, mun wuce gahawar mai waken zinariya, mun wuce Arafa. Ina ta lissafin inda zan ajiye akurkin, daidai tagar ɗakin Baba. Muna gifta fararen ginshiƙan nan, ba mu yi nisa ba, sai muka ji ana dukan rufin mota da ƙarfi. Direba ya taka birki, a zatonmu wani abu ya faɗi. Ina buɗe ƙofa na ji fir a saman kaina. Na juya, ga surukina tsaye a bayan mota, zane a hannu ɗaya, akurki a buɗe a ɗayan, fuskarsa har wani haske take yi irin na wanda ya yi abin kirki.

Shi ya fara magana.

"Yaya, ka yi haƙuri. Mun shigo Harami. Dabbar daji in ta shigo da rai, dole a sake ta. Haka malaminmu ya karantar da mu."

Na ce, "Malaminku? Mu fa? A mazhabarmu mutumin Makka in ya kama a waje yana da ikon ya shigo da abinsa gida! Malaman da suka yi wa ubanka wankan gawa haka suka tafi a kai. Kai ne za ka zo yau ka shiryar da mu?"

Ya ce shi dai abin da ya fi tsentseni ya bi, kuma ni ya tsirar daga zunubi.

Ba saɓanin malamai ne ya ƙona mini rai ba, wannan tun kafin a haife mu ake yin sa. Abin da ya ƙona mini rai, tun a kan dutse mutumin nan ya san abin da zai yi. Ya ga na kwana cikin sanyi, ya ga na tsage leɓe, ya karɓi godiyata, ya rungume akurkin tun daga Hada, bai ce uffan ba. Da a Arafa ya buɗe baki, kafin ginshiƙan, ai da sauƙi. Sai in zauna a waje da tsuntsuna ƙarƙashin inuwa, direba ya je ya ɗauko Baba a kan katifa, ya kwana ɗaya a nan ya ji abin da yake so, in ya so a sake shi kowa ya huta. Babu malamin da zai ce wannan haramun ne. Na faɗa masa haka, ina ihu har muryata ta dushe. Kun san abin da ya ce? "Na san in na faɗa da wuri ba za ka yarda ba." Ashe ya sani. Da gangan ya jira sai da muka shiga inda ba ni da yadda zan yi.

Tsuntsun kuwa bai yi nisa ba. Zaman akurki ya gajiyar da shi, ya sauka kan wani dutse a gefen hanya, yana karkaɗe jiki yana kallonmu. Direba ya auna da ido, ya ja hannuna ya ce a hankali, "Ya shehu, tsakaninsa da ginshiƙan bai fi taku ashirin ba. Ka koma waje ka kafa tarkonka ka kira shi. Zai fito da ƙafarsa. Wa ya gani?"

Na ɗauki tarkon na taka har bayan ginshiƙan. Ban ɓoye muku ba, na je. Na durƙusa, na dunƙule hannu, na kai baki. Na san namijin nan, sau uku ya ishe shi. Yana can yana miƙa wuya, ko'ina tsit, ko mota babu a hanya.

Na kasa. Kafin a buɗe akurkin nawa ne, kuma zan tsaya gaban kowane alƙali a kan haka. Amma tunda ƙafarsa ta taɓa ƙasar Harami yana sake, ya zama na Harami. A nan babu saɓani, babu mazhaba. Ba a kama shi, ba a firgita shi, ba a yaudaro shi waje. Shekara talatin ina kaucewa tattabaru a bakin shagona suna ɓata mini kaya ban taɓa ɗaga musu hannu ba. Na sauke hannuna na zauna a ƙasa, na yi kuka irin wanda rabona da shi tun rasuwar mahaifiyata. Ina nan zaune ya sauka daga dutsen ya shige cikin duwatsu yana tafiyarsa a hankali.

Komawa sama ba ta yiwu ba. Motar ta mai gidan direba ce, da yamma ake jiranta, kuma ko an ce ta sake hawa Kara a ranar ba za ta kai ba. Na ce surukina ba zai shiga motar nan ba, ya tako da ƙafa tunda yana son lada. Direba ya yi ta roƙona don darajar ƙanwata. Ya hau baya ya zauna da akurkinsa.

Na tarar da Baba an jingine shi da bango, ya sa an canza masa riga. Tun daga zaure ya gane takuna. Ya ce, "Ban ji motsin fiffike ba." Na durƙusa na faɗa masa komai, ban rage ba, har zuwana bayan ginshiƙan. Na zaci zai yi faɗa, ina ma ya yi. Sai kawai ya ce, "Ka kira shi?"

Na ce, "A'a, Baba."

"Da ka kira, da ya zo?"

Na ce, "Da ya zo."

Ya gyaɗa kai. Ya ce a miƙo masa akurkin. Ya zura hannu ciki yana lalube, ya sami ɗan gashi guda ɗaya, ya kai hanci ya shinshina. Ya ce a bar masa akurkin nan kusa da shimfiɗa. Sunan surukina bai fito daga bakinsa ba, har yau.

Ni kam ban kai Baba ba. Ƙanwata ta zo sau biyu tana ba da haƙuri, na ce mata ita ba ta yi mini komai ba. Shi kuma muna haɗuwa a masallaci, ina amsa sallamarsa don wajibi ce, iyakarta ke nan. Abin da tafiyar nan ta koya mini bai da yawa: in za ka yi tafiya da mai sabon karatu, ka tambaye shi fatawarsa tun a gida, kada ka bari sai a hanya, kuma abin da ka sha wahala a kansa ka riƙe shi a cinyarka. Na kuma gane cewa mutum yana iya cutar ka har cikin ƙashi yana ganin taimakonka ya yi, kuma irin wannan ba ya neman gafara, don bai san ya yi laifi ba.

Kwana goma na yi kafin in sami wata motar da za ta hau da ni. Ranar da na samu na je kasuwa wajen masu kayan lambun Hada, suka ce kada in wahalar da kaina, an gama tsinkar wardi, matan sun kwanta, dutsen ya yi tsit. Wai sai baɗi. Na dawo gida na tarar Baba ya ƙi kokon safe, hannunsa na cikin akurkin. Ya tambaye ni me mutanen dutse suka ce. Na buɗe baki in ce masa sai baɗi, na dubi yadda rigar ta yi masa yawa, na ce masa ban same su ba.